Jajen Jakar Hannu

A Buza ba wanda ya taɓa hana ni gaisuwa. Gara in faɗi wannan tun farko, kada a ce na yi wa garin sharri. Daga ƙofar gidan da nake haya har zuwa kwalejin da nake koyarwa, ana tambayata kwana, da gajiya, da aiki, da 'yan makaranta, mai ƙosai ma takan yi mini gyara ba tare da na roƙa ba. Sai dai gaisuwar hanya a hanya take ƙarewa. Na kusa shekara a garin, babu mace ɗaya da ta yi sallama ta shigo tsakar gidana ta zauna.

Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Ni ce na zo musu a siffar da ba su san inda ake ajiye ta ba. Malamar Faransanci ce ni, gwamnati ta aiko, amma ba matar kowa ba. Bahaushiya ce daga wajen Madawa, bakina irin nasu, amma Kirista, wadda ta tashi a gefen asibitin mishan inda mahaifina yake aikin gwajin jini. Na wuce zaman 'yan mata, ban shiga na matan aure ba. In an gayyace ni, a wace tabarma za a zaunar da ni? In la'asar ta yi kowa ta miƙe yin salla, ni in yi me? Tambayoyi ne masu nauyi, mutanen kirki kuwa sukan warware irinsu ta hanyar ƙara wa gaisuwa tsawo.

Shekarun casa'in ne, lokacin da yajin aiki ya fi karatu yawa. In malamai ba su yi ba, ɗalibai sun yi. In duka sun gaji, sai a wayi gari babu alli. Saboda haka ina da lokaci fiye da yadda ya dace da lafiyar mutum. Ina da akwatin littattafai, da rediyo mai shan batir, da tarin tsofaffin mujallun Faransa da ma'aikatan jinya na mishan suka bari da za su koma ƙasarsu. Na karanta su har na san yadda ake dafa kifin da ban taɓa gani ba, da irin rigar da ta dace da dusar ƙanƙara. Ranar Lahadi nakan rera waƙoƙin sujada ni kaɗai, ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su zaci wani abu ya same ni.

Asabar ce mai wuya. Matan ma'aikata suna da wani wuni da suke yi kowace Asabar, wannan mako a gidan wannan, mai zuwa a gidan waccan. Uwar tafiyar ita ce Hajiya, matar majur mai riƙe da asibitin garin, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi dariya a ƙarshen layi ana ji a farkonsa. Da rana ta ɗan karya sai su biyo ta ƙofata, da lulluɓi da ƙamshin turare, kowace ta rataya jaka a gwiwar hannu. Jakunkunan kusan iri ɗaya ne: ruwan ƙasa, an bi jikinsu da tambarin wani babban kamfanin Faransa. Mazansu da 'ya'yansu ne ke kawo musu daga Kano, ko Lome, ko Abijan. Nakan tsaya bayan ƙyaure ina jin takunsu har su wuce, sai in koma in ci gaba da karatun dafa kifi.

A nan ne na yi wani lissafi irin na wanda ya daɗe shi kaɗai a ɗaki. Duk mai zuwa wuni tana da jaka mai tambari. Ni tawa ta yadi ce, mahaifiyata ta ɗinka mini don ɗaukar takardun ɗalibai. Ke nan abin da ya raba ni da wuni jaka ce. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan hujja, da na ja masa jan layi na rubuta a gefe ya sake tunani. Amma ni na kawo wa kaina, ba kuma mai gyara mini takarda.

Ina da wani abu ma da nake ganin na fi su da shi. A cikin mujallun nan akwai dogon bayani kan yadda ake bambance jakar wannan kamfani ta asali da ta jabu. A duba ɗinki, ya tafi daidai ba gargada. A duba tambarin, kada ɗinki ya yanke shi a tsakiya. Zik ɗin na tagulla ne mai nauyi. Marikin na fatar saniya ce fara, wadda ke yin duhu a hankali da gumin mai riƙewa. Sai babban abin: jikin jakar ba fata ba ne ko kaɗan, yadi ne mai kauri da aka shafe da wani irin roba don kada ruwa ya shiga. Na haddace wannan kamar za a yi mini jarrabawa a kai. Na kuma lura, ta kafar ƙyaure, cewa jakunkunan da ke wucewa ta ƙofata suna da laushi da sheƙi irin na jemammiyar fatar akuya. Ban ce wa kowa ba, da yake ba kowan.

Wata rana a ɗakin malamai, malamin lissafi ya ce wasu anasara na furojen raya karkara da ke jera duwatsu da dasa itatuwa a kwarurukan Keita za su koma gida, za a yi gwanjon kayansu. Shi firigo yake so na sanyaya ruwa, ko da yake gidansa ba wuta. Na ce zan bi shi in ga gari. Muka shiga tsohuwar Landirobar kasuwa, ni a gaba tsakanin direba da wani buhun albasa da aka ba wuri fiye da ni, muka yi ta hawa da gangara a kan jajayen duwatsu har muka isa.

An fito da kayan duka tsakar gida, a rana: katifu, kujeru, murhun gas, tukwane, keken yara. 'Yan kasuwar Tamaske sun riga kowa zuwa, da manyan riguna, suna ƙwanƙwasa kowane abu kamar masu sayen ƙwarya. Mai gwanjon wani siririn mutum ne da ƙararrawa a hannu, bakinsa ba ya hutawa. In ya ɗaga abu sai ya yi masa kirari, a taya, a ƙara, in aka yi shiru ya kaɗa ƙararrawa, shi ke nan an sallama.

Jakar tana cikin wani kwali tare da takalma da huluna. Tun daga nesa na gane ta, kamar na hango ɗan'uwa a tasha. Na tsuguna na yi mata jarrabawar mujalla tun daga ɗinki har zik, ta cinye duka. Marikinta ya yi duhu ya koma launin zuma.

Mai ita tana zaune a baranda kan akwatin ƙarfe, doguwar mace da rana ta ƙona wa wuya, tana kallon yadda ake rabon ɗakinta. Na gaishe ta da Faransanci, na tambaye ta labarin jakar. Ta ce a shagon kamfanin ta saye ta da kanta, da albashinta na farko, tun kafin ta yi aure. Na ce to me ya sa za ta bar ta? Ta ce tun da ta zo Keita jakar na cikin kabad, ba ta samu inda za ta je da ita ba.

"Zaman da muka yi ni da ita a gidan nan ya isa," in ji ta. "Ba na so in buɗe akwati a can in gan ta."

Na so in zauna kusa da ita in ce mata na gane. Amma mijinta ya kira ta kan batun makullin mota, mai gwanjo kuma ya jawo kwalin. Ya ɗaga jakar sama yana juya ta.

"Jikkar madan! Ta ga Faransa, ta ga Keita, ba abin da ya rage mata duniya! Alhazai, wa za shi kai ma uwar ɗiyanshi?"

Wani dattijo cikin 'yan Tamaske ya karɓa, ya kai hanci, ya karce ta da farce, ya mayar kamar an miƙa masa abin da bai kamata ba.

"Wagga ba ta taɓa ganin akuya ba," ya ce. Aka bushe da dariya.

Na taya. Kawuna suka juyo, don ni kaɗai ce mace cikin masu tayi. Dattijon ya ɗan ƙara, don tsokana.

"Alhaji, kai da ka ce ba ta ga akuya ba?" in ji mai gwanjo.

"Ba jikkar nike so ba. Malama nike so ta roƙe ni."

"Baba, na roƙe ka," na ce.

"To, na bar miki, ɗiyata. Ki riƙa zuba alli ciki, amma kar ki kai ta gaban mata."

Ƙararrawa ta kaɗa. Malamin lissafi bai samu firigo ba, ya koma da fanka, wadda ita ma wuta take so. Ni na dawo da jakar a cinya, duk hanya ina tausayin dattijon. Mutanen wannan yanki na Adar sun san fata kamar yadda suka san 'ya'yansu. A wurinsu abu mai daraja fata ne, abin da ba fata ba leda ne, babu na uku. Na ce a raina matan wuni sun fi shi wayewa, in suka ga ta asali za su gane ta.

Ba a jima ba matar daraktan kwalejinmu ta haihu. Suna ba ya son gayyata, kowa na zuwa, har da ni. Da yamma, lokacin mata, na sa atamfata mafi kyau, na saka sabulun jariri a jakar, na rataya ta a gwiwar hannu yadda na ga suna yi.

Ɗakin mai jego ya cika, hayaƙin turaren wuta na tashi daga kasko a tsakiya. Na yi barka, na miƙa sabulu, na raɓa a bakin tabarma kusa da ƙofa. Matar shugaban gidan waya ce ta fara gani, wata 'yar siririya mai kaifin baki.

"A'a! Malama ta yi jikka! Hajiya, dubi, Malama ta shigo gari."

"Matso nan kusa da ni, ɗiyata, mu gani," in ji Hajiya.

Mata suka janye ƙafafu, aka buɗe mini hanya. Na zauna gwiwa da gwiwa da Hajiya, a tsakiyar tabarma, wurin da ban taɓa zama ba tun zuwana Buza. Ta karɓi jakar, ta juya ta, ta ji nauyinta, ta shafa marikin ta gyaɗa kai. Ina kallon fuskoki, ina jiran abin da na hau duwatsun Keita dominsa. Sai ta kai hanci jikin jakar. Ta daɗe. Ta lashi yatsa ta ɗiga miyau a kai, kowa ta miƙo wuya. Miyan ya tsaya a sama, ya ƙi shiga.

"Ina kinka samo ta?"

"Gwanjon anasara, a Keita."

"Marikin kam hwata na," ta ce a hankali. "Wayonsu ke nan, su sa hwata inda hannu ka taɓawa."

"Jikin fa, Hajiya?" in ji matar gidan waya.

"Ba ni hwaɗin abin da ban tabbatar ba. Ku miƙo min garwashi."

Aka ɗebo ɗan garwashi daga kaskon turare a cokali. Hajiya ta kama wuyan hannuna.

"Malama, kayanki na, ke ka da iko. Hwata in ta ji wuta ƙauri take yi, ba ta narkewa. Can ƙasa zan taɓa, inda ba a gani. Kin yarda?"

Darasin yana bakina, a shirye, da gabatarwa da misalai. Ba sai an taɓa ba, Hajiya, za ta narke, kuma narkewar ita ce shaida. Na san zan iya aikawa gida a ɗauko mujallar. Amma jakar Hajiya tana nan jingine da cinyarta, duk garin kuwa ya san ɗanta ne ya aiko mata daga Abijan, ɗan da ya tafi cin rani bai dawo ba har yau. In na ce tawa ce ta asali, na ce jabu ya aiko wa uwarsa ke nan. Na ce duk mazan garin jabu suka kawo wa matansu. In faɗi wannan ranar suna, a ɗakin mai jego, ni da ko wanda zai kawo mini jabun ba ni da shi. Ga shi kuma hannunta da ɗumi a wuyan hannuna. Na lalubi rabona da wani ya riƙe ni haka, sai na tarar tun ranar da mahaifiyata ta raka ni tashar Madawa.

"Gwada, Hajiya," na ce.

Ta kifa jakar ta ɗora garwashin a kusurwa. Wani siririn hayaƙi baƙi ya tashi, wurin ya motse ya yi ƙyalli, wari irin na bokitin roba da aka manta kusa da murhu ya danne turaren.

"Leda ta!"

"Inna lillahi! Tamfol na anka ɗunke!"

"Anasara ma sun koyi cuta," in ji wata daga baya. Sai ta tuna ni Kirista ce, ta dafe ƙirji. "Ba ku ba, Malama, masu jan kunnen nan nike nuhi."

Mai jego ta yi dariya har ta riƙe ciki tana roƙon a daina. Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba.

"Ku yi min shiru, ba abin dariya na ba. Yarinya ita kaɗai, ba uwa kusa, ba miji, wa za shi gwada mata? Mu munka bar ta."

Ta miƙo mini jakar da hannu biyu, kamar mai mayar da kwanon aro da ya fashe. Na tuna doguwar matar baranda, wadda wataƙila tana cikin jirgi a lokacin, ana ce mata macuciya a wani ɗaki a Buza. Na ce a raina in akwai mai ganewa a duniya, ita ce.

Washegari da rana ina gyaran takardu na ji sallama, muryar mace. Na tsaya da jan bik na gyaran takardu a hannu, na zaci gidan maƙwabta ne. Aka sake. Hajiya ce a tsakar gidana, da mata biyu a bayanta, da kwano a rufe da faifai. Jaje suka zo.

A ƙasarmu in aka yi wa mutum sata, ko gobara ta same shi, ko aka cuce shi a ciniki, ba a barinsa da abin shi kaɗai, sai an taka har gida. Ba a tambayar addininsa, ba a tambayar aurensa. Na san wannan tun ina ƙarama, amma ban taɓa kawo shi cikin lissafina ba.

Kujera ɗaya gare ni, da tabarma ɗaya. Na ba Hajiya kujerar, ta ƙi, ta zauna ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Malama, ya munka ji da wanga abu?"

"Sai haƙuri, Hajiya."

"Allah shi maida mahi alheri. Allah shi tsare gaba."

"Amin."

Na sa fuskar da ta dace. Ba ta yi mini wuya ba, domin ramin da garwashi ya bari yana nan, kuma nawa ne.

Haka suka yi ta zuwa, waɗansu su fita waɗansu su shigo, da dambu, da fura, da cuku. Sai da na ari tabarmi a maƙwabta. Wata ta ce randata ba ta zauna daidai ba, ta tashi ta gyara mata wuri. Wata ta nemi buta ta yi alwala, ta tambaye ni gabas, na nuna mata, ta yi sallarta a gindin bangona ina zaune ina tsinke zogale, ba abin da ya faɗo daga sama. Matar gidan waya ta leƙa ɗaki ta ga akwatin littattafai.

"Duk waɗanga kin karance su?"

"Kusan duka."

"Kuma anka saida miki leda? Wallahi gara mu da munka gudu tun aji biyu."

Kowace ta zo da nata labarin cuta don ta rage mini zafi: 'yan kunnen zinariya da suka koma kore, turaren Makka da aka haɗa a Kwanni, atamfar da ta zuba a wankin farko. A 'yan kwanakin nan na ji tarihin Buza fiye da abin da na ji a shekara. Hajiya kuma ta ɗauki nauyin karatuna. Ta ajiye jakarta a cinyata, ta koya mini yadda ake sanin fata: a shinshina, a danna da babban yatsa a ga ta yi tattara ta saki, a sa miyau a ga ta sha. Na saurara kamar ɗalibar kirki, har da tambayoyi. Fatar kuwa mai kyau ce ƙwarai, wanda ya jeme ta ya san aikinsa.

Amma jaje ba ya daɗewa. Kwanukan suka koma gidajensu, na mayar da tabarmin aro, tsakar gida ya koma jin muryar rediyo. Abin da ya rage shi ne maganar da Hajiya ta yi a bakin ƙofa ranar ƙarshe.

"Asabar gidana. Ki taho da jikkar, akwai waɗanda ba su gani ba."

Ta haka na shiga wuni. Aka sa mini suna Malama mai leda, sunan da ya bi ni har aji. Na ci, na sha, na koyi wa ke gaba da wa. Da zagayen ya matso kusa da layinmu sai na sayi kofuna da babbar tukunya, na tambayi Hajiya wace Asabar ce tawa.

"Ke ɗiyarmu ta," ta ce. "Ina kinka taɓa ganin ɗiya ta ciyar da uwaye? Ki dai taho da bakinki."

Da alheri ta faɗa. Zagayen ya tsallake gidana, ya ci gaba da tsallakewa har na bar garin. Aikina a wuni shi ne labarin. Duk ranar da aka yi baƙuwa, ƙanwar wata ko surukar wata, sai a ce, "Malama, ba ta labarin jikka." In ba da, jakar ta zagaya, a shinshina, a nemi ramin a sa yatsa. Da yake malama ce ni, na gyara labarin ya yi kyau. Na san inda zan dakata, na iya muryar dattijon Tamaske, na ƙara wa kaina wautar da ta fi ta gaskiya daɗin ji.

Wata Asabar aka zo da matar sabon kwamandan jandarma. Daga Yamai suka zo, sa'ata ce, Hausarta tana ɗan ɗingishi. Ta zauna a bakin tabarma kusa da ƙofa, ta haɗe gwiwoyi, tana murmushi ga duk wadda ta kalle ta. An gaishe ta gaisuwa mai tsawo, aka rasa abin cewa bayan nan.

"Malama, ba baƙuwa labarin jikka," in ji Hajiya.

Na ba da, aka yi dariya a wuraren da aka saba. Jakar ta bi hannu-hannu ta isa gare ta. Ba ta kai hanci ba. Ta buɗe, ta sa hannu ciki ta shafa shafin, ta ɗan karkata ta wajen hasken ƙofa. Ta juya ta ga ƙunar. Sai ta ɗago ta dube ni, kallo irin na wanda ya ji yaren garinsu a bakin baƙo a kasuwa mai nisa. Ta buɗe baki. Idonta ya bi jakunkunan da ke jere a kan tabarma, ya tsaya kan ta Hajiya, ta rufe.

"Allah ya kiyaye gaba," ta ce, ta miƙo.

Wannan makon kullum da yamma sai na share tsakar gida. Na sayi shayi da sukari, na bar ƙyaure a buɗe. Na shirya abin da zan ce in ta shigo, da Faransanci, yadda za mu rufe ƙofa mu yi dariya har hawaye, in ba ta labarin matar baranda wanda ban taɓa ba kowa ba. Duk takun da na ji a layi sai in ajiye bik. Sau ɗaya na bi ta ƙofar gidansu da gangan. Akwai jandarma zaune a benci, ya gaishe ni, ya tambayi aiki da gajiya da 'yan makaranta, na amsa na wuce.

Ba ta zo ba.

Asabar ta gaba matar kwamandan ta iso da sabuwar jaka, mai laushi, mai tambari, an sayo mata a kasuwar Madawa. Hajiya ta shinshina ta ce madalla, yarinyar nan tana da ido. Ranar ma akwai baƙuwa, yayar mai masaukinmu daga Sabon Gida, aka nemi labarin. Da na zo wurin garwashi, matar kwamandan ta yi dariya tare da kowa, ta ɗan riga su ma kaɗan. Ba ta dube ni ba.

Da aka kawo abinci sai aka haɗa mu akushi ɗaya, ni da ita da wata tsohuwa mai gyangyaɗi. Muka fara ci. Akwai tsokar nama guda a tsakiya, kowa na kewaye ta. Can sai ta turo ta gefena da bayan yatsa, kanta a sunkuye. Na ɗauka na ci.